Daren Farko a Dandamalin Njamena

  Wanda bai samu jin shirin ba saboda yana bayan shanu ko yana layin kwastan a gadar Ngeli, ga shi mun sa a takarda. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Lokaci-lokaci kuna jin sanarwa a rediyo cewa 'yan wasan kwaikwayo, waɗanda wasunku ke kira 'yan teyatur, za su fito da sabon wasa a karo na farko, ko a gidan al'adu na Baba Moustapha da ke unguwar Ambasatna, ko a cibiyar al'adun Faransa. Na san abin da da yawanku ke cewa a zuci: wannan ai harkar 'yan boko ce, ina ruwan mai saniya da ita? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin tarihi. An daɗe a ƙasar nan ana rubuta wasa a kan mutanen Chadi, amma ba mutanen Chadi ke fara gani ba. Yadda aka yi daren farko ya dawo gida, da abin da ya rage a yi, shi ne zancenmu na yau.

Mene ne daren farko?

Bari mu fara da abin da kuka sani. Kai mai garke, ka kiwata sa shekara huɗu ko biyar, ka san ƙafarsa, ka san halinsa. Duk da haka ba ka san kuɗinsa ba sai ranar da ka shigar da shi kara, dillali ya zagaya shi, mai saye ya taya. To, haka wasa yake. Mutum ɗaya ya zauna ya rubuta, ƙungiya ta karɓa, mai ba da umarni ya raba wa kowa nasa: wannan shi ne sarki, wannan soja, waccan uwar gida. Su yi makonni, wani lokaci watanni, suna gwaji da yamma bayan kowa ya taso daga neman abincinsa. A nemo tufafi, a haɗa fitilu, a tanadi man janareta saboda wutar Njamena ba ta da alkawari. Duk wannan kiwo ne. Ranar kasuwa ita ce daren farko, daren da za a tsaya gaban jama'a a karon farko.

A daren ne ake sanin inda mutane ke dariya da inda suke yin tsit. Maganar da marubuci ya zata za ta girgiza zaure sai ta wuce ba wanda ya motsa, wata 'yar ƙaramar magana kuma ta bi mutane har gida. Washegari 'yan wasa su zauna su rage nan, su ƙara can. Ke nan waɗanda suka zauna a kujerun daren farko suna da hannu a yadda wasan zai kasance nan gaba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wasa ya girmi dandamali

Kada kowa ya ce muku Bature ne ya kawo kwaikwayo. Yaran da ke tashe cikin azumi, su sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho, wasa suke yi. 'Yan kama da ke kwaikwayon malamai a bakin kasuwa, wasa suke yi. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa ke naɗa nasu sarki da gwamna da alƙali, su kwaikwayi masu mulki a gaban masu mulkin. Ku kuma Fulani, taron Gerewol da Wodaabe ke yi wajen Durbali a ƙarshen damina, da kwalliyarsa da masu kallonsa da masu zaɓensa, wa zai ce ba fage ba ne? Abin da ya zo daga baya shi ne ɗaki mai dandamali da labule da tikiti, da wasan da aka rubuta a takarda aka haddace.

Shi kansa garin bai daɗe ba. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusiri tsakanin Rabeh da sojojin Faransa, Rabeh ya mutu, kwamandan Faransa Lamy ma ya mutu. Bayan makonni kaɗan Emile Gentil ya kafa sansani a ɗaya gaɓar kogin Shari ya sa masa suna Fort-Lamy, wanda tsofaffinmu ke kira Fallomi. Garin ya girma da sojoji da fatake da mahajjatan ƙasa, Hausawa da Barebari da Fulani masu bin hanyar Abeshe zuwa Sudan. Wasan dandamali ya shigo ta makarantun boko da coci-coci da ƙungiyoyin matasa, cikin Faransanci. Tun daga tushe ke nan aka samu rata: harshen kasuwa Larabcin Chadi, harshen dandamali Faransanci.

Bayan samun 'yancin kai ranar 11 ga Agusta 1960, 'yan ƙasa suka fara rubuta nasu. Cikin na farko akwai Palou Bebnone. Wasansa na 1962 sunansa La Dot, wato sadaki, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya muku inda aka dosa. Daga baya ya rubuta wani a kan Mbang Gaurang, sarkin Bagarmi, wanda Rabeh ya matsa wa lamba har ya sa hannu a yarjejeniya da Faransa a 1897. Labari ne na kakanninmu, na ƙasar da shanunku ke ratsawa kowace shekara. Amma jikan wanda aka yi yaƙin a gabansa, in bai je lakwal ba, ba zai ji ko kalma ɗaya ba.

Lokacin da rediyo ce dandamali

A nan ne aikinmu na rediyo ya shigo cikin labarin. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar rediyon Faransa mai hulɗa da Afirka ta buɗe gasar rubuta wasan kwaikwayo ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci, daga baya gidan rediyon RFI ya gaje ta. Ga yadda abin yake tafiya. Matashi a Njamena ko Sarh ko Mundu ya rubuta wasansa, ya sa a ambulan, ya kai gidan waya, ya aika Faris. Can alƙalai su tace ɗaruruwan rubuce-rubuce su zaɓi kaɗan. A tara 'yan wasa a ɗakin ɗaukar murya a Faris su yi wasan, a aika faifan zuwa gidajen rediyon ƙasashen Afirka. Masu sauraro su ji, su rubuto wasiƙa su faɗi wanda ya fi burge su. Wanda ya ci a ba shi kuɗi, a buga wasansa littafi.

Ba za a raina wannan gasa ba. Ita ta fito da manyan marubuta irin su Sony Labou Tansi na Kwango, kuma ita ce ƙofar da marubutan Chadi da dama suka bi duniya ta san su, a lokacin da babu kamfanin buga littattafai da zai ɗauke su a gida. Amma ku duba da kyau. Daren farkon wasan ɗan Chadi ya zama ana yin sa a wani ɗaki a Faris, da bakin mutanen da watakila ba su taɓa shan ruwan Shari ba, mu kuma a nan sai dai mu ji ta akwati. Ni ma'aikacin rediyo ne, ina alfahari da aikina, amma Hausawa sun riga sun yanke hukunci: gani ya kori ji.

Kwatanta da abin da ya faru a ƙasar Hausa. Can ma rediyo ce ta raini wasan kwaikwayo. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyo aka fara jin su kafin a mai da su littafi. Daga baya aka samu su Samanja da Kasimu Yero a Kaduna, da su Yazi Dogo a Nijar. Bambancin shi ne waɗannan da harshen mai sauraro aka yi su. Mai shayi da direban mota da matar kulle duk sun ji, sun yi dariya, sun yi gardama a kai. A Chadi, ƙasa mai harsuna fiye da ɗari, wasan da aka fi girmamawa ya tsaya a harshen da mafi yawan jama'a ba sa ji.

Baba Moustapha

Sunan da ke jikin gidan al'adun nan na Ambasatna na wani saurayi ne da bai wuce shekara talatin a duniya ba. An haifi Mahamat Baba Moustapha a 1952. Ya yi makarantar horar da ma'aikatan mulki, ya yi aikin gwamnati, sannan ya tafi Faransa ƙarin karatun shari'a. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wasansa Makarie aux épines ya ci babbar lambar waccan gasa ta rediyo. Ya rubuta wani mai suna Le Maître des djinns, wato ubangidan aljanu. Wanda aka fi tunawa da shi kuwa shi ne Le Commandant Chaka, wasa ne a kan sojan da ya ƙwace mulki da bindiga, da abin da mulkin soja ke yi wa ƙasa.

Ku tuna zamanin da ya rayu a ciki. A 1973 shugaba Tombalbaye ya sauya sunan Fort-Lamy zuwa Njamena, ya sauya nasa sunan daga François zuwa Ngarta, ya tilasta wa ma'aikata 'yan kudu shiga al'adar yondo. A daidai waɗannan shekaru fari ya cinye dabbobi daga Kanem har Batha, iyayenku ba su manta ba. Ranar 13 ga Afrilu 1975 sojoji suka kashe Tombalbaye, Janar Felix Malloum ya hau. Saurayin da ya ga wannan duka da idonsa shi ne ya zauna ya rubuta wasa a kan kwamanda.

Bai ga littafin ba. Ya rasu a Faris a 1982, aka buga wasan a 1983, can a Faransa. Ya kuma bar wani littafin labari, Le Souffle de l'harmattan, wato iskar hunturu, wanda bai fito ba sai shekara ta 2000. Wannan littafi naku ne, makiyaya. Labarin abota ne tsakanin Haruna, ɗan mai kiwo Musulmi daga arewa, da Ganda, Kirista ɗan kudu, da yadda fari da yaƙi suka gwada abotar. Mutumin da ya ɗauki ɗan makiyayi ya sa shi a tsakiyar labari, ya ba shi hankali da zuciya, shi ne aka sa wa gidan wasan suna. In ka wuce ta ƙofar gidan, Ardo, ka san ba baƙon wuri ba ne a gare ka.

Akwai kuma Maoundoé Naïndouba, wanda gidan al'adun Mundu ke ɗauke da sunansa. Shi ya rubuta L'Étudiant de Soweto, a kan ɗaliban Afirka ta Kudu da 'yan sandan wariyar launin fata suka buɗe wa wuta ranar 16 ga Yuni 1976. An buga shi a 1981. A fili zancen wata ƙasa ce mai nisa. Amma ɗalibin Njamena da ya ga soja a ƙofar makarantarsa ba sai an yi masa fassara ba. Kukan kurciya jawabi ne.

Shekarun da labule ya rufe

Ranar 12 ga Fabrairu 1979 rikici ya tashi daga makarantar sakandare ta Felix Eboue, ya zama yaƙi tsakanin mayaƙan Hissene Habre, wanda shi ne firaminista, da sojojin shugaba Malloum. Gari ya rabe biyu, 'yan kudu da yawa suka kwashe iyalansu suka koma kudu. A watan Maris na shekarar aka zauna a Kano don sulhu, aka sake zama a Legas a watan Agusta, aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Goukouni Weddeye. Ba a daɗe ba, daga Maris zuwa Disamba 1980, aka sake gwabzawa a cikin gari har sojojin Libiya suka shigo. Dubun dubatar mutane suka tsallaka kogi cikin kwale-kwale zuwa Kusiri. Mutanen Kusiri da Fotokol da Gamboru, ku kuka sauke su, kun fi ni sanin wannan babi.

Wasan kwaikwayo yana bukatar abu uku masu sauƙi: wurin taruwa, dare mai lafiya, da mutanen da suka yarda su zauna kusa da juna. Yaƙi ya ɗauke duka. Da Habre ya kama mulki ranar 7 ga Yuni 1982 harbe-harbe sun lafa a babban birni, amma wani abu ya maye gurbinsu, wato hukumar 'yan sandan ciki ta DDS. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutanen da aka kashe sun kai 40,000, kuma ranar 30 ga Mayu 2016 kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. A irin wannan zamani wa zai hau dandamali ya kwaikwayi kwamanda, alhali bai san wa ke zaune a layi na uku ba?

Shi ya sa wasu suka fita. Koulsy Lamko, ɗan Dadwar a yankin Gera, haifaffen 1959, ya bar ƙasar a farkon shekarun 1980 ya zauna Burkina Faso, daga baya ya yi aiki a Ruwanda, ya ƙare a Meziko. Wasanninsa a ƙasashen waje suka yi suna. Noel Netonon Ndjekery ya zauna a Suwizalan. Da farko takarda ce ke tafiya ta bar mai ita a gida, yanzu mai ita ma ya bi ta. Waɗanda suka zauna kuwa sun ci gaba da abin da ya samu, a makarantu da harabar coci da cibiyoyin al'adu, suna auna kowace kalma. Wata ƙungiya ta ɗauki sunan marigayin, ta kira kanta Théâtre Vivant Baba Moustapha, ma'ana rayayyen wasa.

Daren farko ya dawo gida

Idriss Deby ya kori Habre a farkon Disamba 1990. A 1993 aka yi babban taron ƙasa, jaridu masu zaman kansu suka yawaita, daga baya gidajen rediyo irin su Dja FM da FM Liberté suka buɗe. Baki ya ɗan saku. Ƙungiyoyin wasa suka ƙaru, cikinsu akwai Themacult ta Vangdar Dorsouma, wadda ta kafa bikin wasanni mai suna FIADPUP, sunan da ke ɗauke da kalmomin haɗin kai da zaman lafiya. Marubuci ya samu damar ganin wasansa a gaban maƙwabtansa, ya ji dariyarsu da kunnensa. Abin da Baba Moustapha bai samu ba a wasansa na ƙarshe, matasan yau suna samu.

Kada ku ɗauka hanya ta miƙe sumul. A farkon Fabrairu 2008 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar gari, jama'a suka sake cika gadar Ngeli. A Yuni da Yuli 2015 bama-baman Boko Haram suka tashi a Njamena, har da ƙofar babbar kasuwa, taron jama'a ya zama abin tsoro. Wuraren wasa kuma 'yan kaɗan ne. Ko silima, gidan Normandie da ya daɗe a rufe sai a 2011 aka sake buɗe shi, bayan fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun ya ci lambar yabo a bikin Cannes na 2010. Ɗan wasa a garin nan da wuya wasa ya ciyar da shi, yawanci malamin makaranta ne ko ɗalibi ko mai wata sana'a.

Babban sauyin da ya shafe ku shi ne na harshe da na wuri. Wasa ya sauko daga Faransanci zuwa Larabcin Chadi da Ngambai da sauran harsunan gida, ya fita daga zaure zuwa filin unguwa da bakin kasuwa da sansanin 'yan gudun hijira. Hukumomin agaji suka gane cewa wasan rabin sa'a ya fi takarda dubu isar da saƙo, sai suka riƙa ɗaukar nauyin wasanni a kan rigakafin shan inna, karatun 'ya'ya mata, cutar ƙanjamau, da rikicin manoma da makiyaya. Akwai ma wani salo da Augusto Boal na Brazil ya ƙirƙiro, wanda Prosper Kompaore ya yaɗa a Burkina Faso da ƙungiyar da ya kafa a 1978. A wannan salo ana yin wasa har a kai inda rigima ta ƙulle, sai a tsaya a ce wa masu kallo: wanda yake ganin ba haka ya kamata a yi ba, ya taso ya karɓi matsayin ya nuna mana.

Wa ke sa malafar makiyayi?

To, ga inda zancen ya iso ƙofarku. Ƙidayar dabbobin da gwamnati ta fitar da sakamakonta a 2018 ta nuna Chadi na da dabbobi sama da miliyan 90, ban da kaji. Bayan man fetur, dabbobi na cikin manyan abin da ƙasar ke fitarwa, akasari zuwa Najeriya, ta hannunku. Duk da haka maganar burtali, wanda Larabawa ke kira murhal, da maganar mashaya da gona, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A 2014 majalisar dokoki ta amince da sabuwar dokar kiwo, aka yi ta cece-kuce, masu suka na cewa ta fifita makiyaya a kan manoma, kafin shekara ta ƙare aka jingine ta, aka koma kan tsohuwar dokar 31 ga Oktoba 1959 ta zamanin Turawa. A Agusta 2019 sai da aka kafa dokar ta-ɓaci a Wadai da Sila saboda kashe-kashe. Ra'ayin mutanen birni yana da nauyi a irin waɗannan hukunce-hukunce, kuma ɗaya daga wuraren da ake gina ra'ayin shi ne dandamali.

Idan aka zo wasa a kan wannan rikici, dole wani ya sa malafa, ya rataya sanda, ya zama makiyayi. Sau da yawa yaron birni ne da bai taɓa kwana a ruga ba. Ba mugunta ce ke sa shi ba, abin da ya ji shi yake kwaikwaya. Sai ka ga makiyayin wasa ko dai wawa ne da ake yi wa dariya, ko mugu mai kora shanu cikin gona da gangan. Ba a nuna burtalin da aka nome, ko rijiyar da aka kewaye, ko shingen hanya nawa ya biya kafin ya iso kara. Ba a bambanta talaka mai shanu ashirin da yaron da wani babba a birni ya ɗauka haya, ya ba shi garke da bindiga. Haka ɗan kasuwar kan iyaka, a wasa kusan kullum ɗan fasa-ƙwauri ne mai babban ciki. Hajiya mai ɗauko atamfa da sabulu daga Kusiri don ta ciyar da marayu, ita ba a cika ganinta ba.

Gaskiya kuma a faɗe ta duka. Manomin da ya wayi gari ya tarar an cinye masa dawar shekara, kukansa na gaskiya ne, kuma wasa mai kyau dole ya nuna shi. In kun je kallo za ku ji abin da ba zai yi muku daɗi ba, wani ma gaskiya ne. Amfanin wurin ke nan. Shi ne ɗan filin da za a faɗa maka laifinka kana zaune, ka faɗi naka, kowa ya koma gida da ƙafarsa, ba a kira jandarma ba, ba a kai ga diyya ba.

Kun tuna abin da na ce ku riƙe? Waɗanda suka zauna a daren farko suna da hannu a yadda wasa zai kasance. In kujerun duka na ɗalibai ne da ma'aikatan ofis da baƙin hukumomin agaji, wasan zai gyaru ne daidai da dariyarsu. In akwai ardo uku a ciki, da dillalin shanu, da direban tirela, da hajiya mai sayar da nono, kuma bayan an gama ɗayansu ya miƙe ya ce yaro, ba haka ake riƙe sanda ba, kuma ba haka muke magana da surukai ba, wallahi washegari za a gyara. 'Yan wasa ba abin da suke tsoro kamar a ce ba su iya kwaikwayo ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na san uzurinku. Dare lokacin tatsa ne da tsaron garke, gada tana da lokacin rufewa, kuma ba kowa ke jin Faransanci ba. To ga abin da zai yiwu. In kun ji sanarwar sabon wasa, ku tambaya da wane harshe za a yi, domin da yawa yanzu da Larabcin kasuwa ake yi. In rana ta kama kuna cikin gari, ko mutum biyu ne ƙungiyarku ta tura. Shugabannin kara da na tasha suna iya gayyatar 'yan wasa su zo su yi a Masaget ko Durbali ko Masakori ranar kasuwa, da rana tsaka, a bar fili a ƙarshe don tambaya da amsa. Yaranku da suka yi makaranta, in ɗayansu ya nuna sha'awar wasa, kada a ce masa ya lalace. Shi ne zai sa malafar ta zauna daidai. Wanda kuma ke da labarin da yake ganin ya isa a yi wasa da shi, na fari ne, na hanya ne, ko na wani sulhu da dattawa suka ƙulla tsakanin ruga da ƙauye, ya kawo mana nan tasha, ko ya aiko da saƙon murya, mu haɗa shi da masu rubutu.

Baba Moustapha sai da ya aika takardarsa Faris kafin a ji shi a gida. Ku tsakaninku da dandamalin bai wuce kuɗin mota ba.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke, ya kai kowa kasuwa lafiya ya dawo da shi lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.